Makaranta a Matsayin Cibiyar Lafiya da Walwalar Jama'a: Abin da Ke Raya Tsarin da Abin da Ke Kashe Shi

Akwai yaron da ake yi wa kallon daƙiƙi a aji, alhali damuwarsa ɗaya ce: ba ya ganin abin da aka rubuta a allo. Akwai yarinyar da sunanta ya sha jan biro a rajista saboda fashi, ba don ta ƙi karatu ba, sai don ciwon haƙori ya hana ta barci, ko mahaifiyarta na kwance babu mai kula da ƙannenta. Malami yana ganin irin waɗannan yara kowace safiya. Ya san akwai abin da ke damunsu, wani lokaci ma ya san ko mene ne, amma alli da littafi kaɗai ke hannunsa. Wanda zai iya magance matsalar yana can wani gini, ƙarƙashin wata ma'aikata, kuma ba zai san da yaron ba sai ranar da aka kai masa shi. Sau da yawa ranar ba ta zuwa.

Daga wannan giɓi ne tunanin mayar da makaranta cibiyar al'umma ya samo asali. Abin da ake nufi shi ne, a harabar da yara ke karatu a samu ma'aikaciyar jinya, a riƙa gwada ido da ji, a yi allurar rigakafi, a ciyar da yara, a samu mai sauraron wanda damuwa ta yi wa yawa. A kuma samu ofishin da uwa ko uba za su shiga su nemi taimako kan abin da ya shafi gida, kamar takardar haihuwa, tallafin gwamnati, matsalar wurin zama, ko karatun manya da yamma. Ba kowace makaranta ke haɗa duka ba. Wata ɗakin shan magani kawai gare ta, wata kuma ƙofarta a buɗe take tun safe har dare.

Ina goyon bayan wannan tsari, kuma zan faɗi dalili. Amma yadda ake yawan tallata shi yana ɓoye abu mafi muhimmanci a cikinsa. Abin da makaranta ke bayarwa shi ne wuri, da yara, da amincewar iyaye. Aikin lafiya da na walwala kuwa, masu shi ne ya kamata su zo su yi, da ma'aikatansu da kuɗinsu. Duk inda aka rikita waɗannan biyun, aka ɗora wa malami aikin likita, ko aka buɗe ɗakin shan magani da kuɗin da zai ƙare bayan shekara uku, tsarin rushewa yake yi, iyaye kuma su daina yarda da alƙawari na gaba.

Me ya sa makaranta?

Dalili na farko lissafi ne. A duniya, kusan tara cikin goma na yaran da suka kai shekarun firamare an sa su makaranta. Babu wata hukuma, asibiti ne ko ofishin gwamnati, da ke ganin yara masu yawa haka, kusan kullum, shekara da shekaru. Asibiti yana ganin yaro ne bayan ciwo ya ci ƙarfinsa. Makaranta kuwa tana ganinsa tun yana ramewa a hankali, tun yana matso da fuska kusa da littafi, tun ya daina shiga cikin 'yan uwansa lokacin tara.

Dalili na biyu shi ne shekarun da abin ya shafa. Masana lafiyar yara sun daɗe suna ƙarfafa kwana 1,000 na farkon rayuwa, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara 2, kuma sun yi gaskiya. Sai dai ɗan Adam yana ɗaukar kusan kwana 8,000 kafin ya gama girma, kuma yawancin sauran kwana 7,000 ɗin a shekarun makaranta suke. A cikinsu ne tsutsar ciki ta fi kama yara, ƙarancin jini ke addabar 'yan matan da suka fara al'ada, matsalar gani ke bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli sun riga sun fara kafin mutum ya wuce shekara 14. Da zarar yaro ya gama rigakafin jarirai, sai ya ɓace wa ma'aikatar lafiya. Makaranta ce kaɗai take riƙe da sunansa.

Tunanin kuma ba na jiya ba ne. A ƙarshen ƙarni na 19, birnin Niyok na Amurka ya ɗauki likitoci suna zagaya makarantu suna duba yara. Duk wanda aka samu da ƙwarƙwata, ko makero, ko ciwon ido mai yaɗuwa, sai a ba shi takarda a tura shi gida. Iyaye da yawa baƙi ne da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, ba sa iya karanta takardar, ba su kuma da halin ganin likita. Sai yaran su koma titi suna wasa da waɗanda aka ce a raba su da su. A shekarar 1902 wata ma'aikaciyar jinya mai hidimar marasa ƙarfi, Lillian Wald, ta shawo kan hukuma aka gwada wata hanya. Aka tura ma'aikaciyar jinya, Lina Rogers, makarantu huɗu, tana yi wa yara magani nan take, tana bin waɗanda aka sallama har gida tana nuna wa iyaye abin da za su yi. Ganin sakamako, birnin ya ƙara ɗaukar wasu. A Satumbar 1902 yara sama da 10,000 aka tura gida, a Satumbar 1903 kuwa kimanin 1,100 ne kacal. Cututtukan ba su canja ba a shekara guda. Abin da aka samu shi ne mai ɗaukar mataki na gaba bayan an gano ciwo.

A Birtaniya tsoro ne ya kawo shi. Lokacin yaƙin Boer da ta yi a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, an tarar ɗimbin samarin da suka zo shiga soja ba su da ƙoshin lafiyar da za a ɗauke su. Majalisa ta ba ƙananan hukumomi damar ciyar da ɗalibai a 1906, ta wajabta duba lafiyarsu a 1907. A garin Flint na Amurka, attajiri Charles Stewart Mott ya fara biyan kuɗi a 1935 don makarantu su zauna a buɗe da yamma saboda yara da iyayensu. Finlan ta fara ciyar da dukkan ɗalibanta kyauta a 1948. A Dakar, cikin Afrilun 2000, UNESCO da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka amince da tsari guda mai ginshiƙai huɗu: manufar lafiya a makaranta, ruwa mai tsafta da banɗaki, koyar da kula da lafiya a aikace, da kai magani da abinci cikin makaranta.

Inda yara ke zubewa

Abin da ya faru a Niyok shi ne zuciyar maganar, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Tsakanin gano ciwo da warkewa akwai matakai masu yawa. A gwada yaro, a sanar da iyaye, su fahimci abin da aka ce, su yarda, ɗaya daga cikinsu ya bar aikinsa na yini, a samu kuɗin mota, a bi layi, a sayi abin da aka rubuta, a koma ranar da aka ce. A kowane mataki ana rasa wasu yara, kuma 'ya'yan marasa ƙarfi ne ke fara zubewa. Kai aikin lafiya makaranta yana rage yawan matakan ne. Wannan shi ne dukkan sirrinsa, kuma shi ya sa gwaji kaɗai, ba tare da magani a kusa ba, yake zama aikin banza mai cin kuɗi.

Wani bincike da aka yi a karkarar yammacin ƙasar Sin, a lardunan Gansu da Shaanxi, aka buga a 2014, ya nuna wannan ƙarara. An gwada idon dubban 'yan firamare, aka tarar cikin masu buƙatar tabarau kashi 15 cikin ɗari ne kawai suke da shi. Aka raba su gida uku. Wasu aka ba su takardar likita kawai su kai wa iyaye, wasu aka ba su tikitin karɓar tabarau kyauta a asibitin gunduma, wasu kuma aka miƙa musu tabarau a cikin makaranta. Waɗanda aka miƙa wa a hannu makinsu na lissafi ya ɗara na 'yan takarda. Amma akwai darasi na biyu a ciki da ba a cika ambata ba: ko cikin waɗanda aka ba kyauta, ƙasa da rabi aka tarar suna sanye da shi da aka dawo dubawa. Wasu iyaye suna ganin tabarau yana ƙara lalata ido, wasu yaran kunyar tsokana suke ji. A nan ne malami ke da amfanin da likita ba shi da shi, domin shi ne ke ganin fuskar yaron gobe da jibi.

Ruwanda ta nuna abin da ake iya yi in an shirya. A 2011 ta fara yi wa 'yan mata 'yan aji shida na firamare allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, kuma a makarantu aka yi. Sama da kashi 90 cikin ɗari suka karɓi allura ukun da ake buƙata a lokacin. Ƙasashe masu arziki da suka bar wa iyaye su kai 'ya'yansu asibiti da kansu, da yawa ba su kai ko kusa da haka ba. Abin lura shi ne, ma'aikatan lafiya ne suka zo da allurar da akwatin sanyinta. Malamai sun tara yara, sun riƙe jerin sunaye, sun yi wa iyaye bayani. Kowa ya tsaya a kan abin da ya iya.

Abin da bincike ya tabbatar, da wanda bai tabbatar ba

Masu neman kuɗi don irin wannan aiki sukan yi alƙawarin cewa makin jarrabawa zai tashi. Wannan alƙawari yana da haɗari, domin abin da aka fi samu a aikace shi ne raguwar fashi, maki kuma yana biyo baya a hankali, wani lokaci ma ba a gan shi sosai.

A gundumar Busia ta Kenya, masana tattalin arziki Edward Miguel da Michael Kremer sun bi makarantun firamare 75 da aka fara raba wa maganin tsutsar ciki daga 1998. Rahotonsu na 2004 ya ce fashi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, har yaran makarantun maƙwabta da ba a ba maganin ba sun amfana, saboda yaɗuwar tsutsar ta ragu a yankin. Makin jarrabawa kuwa bai motsa ba. A 2015 wasu masana suka sake lissafa alƙaluman, suka gano kurakurai, aka shiga muhawara mai zafi kan girman amfanin. Har yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar raba maganin ga yara a inda cutar ta kama kashi 20 cikin ɗari ko fiye, domin maganin ba shi da tsada kuma illarsa kaɗan ce. A ganina wannan shawara daidai ce. Yaron da aka raba da tsutsa ya samu lafiya, kuma wannan ya isa dalili ko da bai ƙara maki ɗaya ba.

Birnin Niyok ya ƙaddamar da nasa shirin na makarantun al'umma a 2014, ya fara da makarantun da suka fi fama da fashi da faɗuwa. Cibiyar bincike ta RAND ta bi su shekara uku, ta fitar da rahoto a 2020. Yawan masu fashi na kullum ya ragu a dukkan matakai, masu wucewa aji na gaba a kan lokaci sun ƙaru, masu kammala sakandare ma haka. Makin lissafi sai a shekara ta uku ya nuna ci gaba, na karatu da rubutu kuwa babu wani bambanci na a zo a gani. Wanda ya karanta wannan da idon basira zai ga tsari ne mai bin mataki: yaro ya samu lafiya, ya zo aji, sannan koyarwa ta yi aikinta. In koyarwar ba ta da kyau, ɗakin shan magani ba zai gyara ta ba. Kuma gwamnatin da ta sa ran ganin maki cikin shekara guda za ta soke shirin kafin ya nuna.

Wa ke riƙe da aikin?

A 2017 wasu masu bincike a Amurka, ciki har da Jeannie Oakes, sun tattara abin da aka rubuta kan irin waɗannan makarantu, suka ce masu nasara sun haɗu a abubuwa huɗu: tallafin lafiya da walwala a wuri guda, ƙarin lokacin koyo bayan tashi, shigar iyaye da jama'ar unguwa, da shugabanci na haɗin gwiwa. Dukkansu gaskiya ne, amma a ƙasansu akwai mutum guda da ba a cika ganinsa a rahoto ba, wato kodineta. Shi ne ma'aikacin da ba ya shiga aji, aikinsa kawai ya san wane yaro ne aka gwada, wane ne aka tura asibiti, wa ya je, wa bai je ba, wace ƙungiya ce za ta zo ranar Laraba, wace uwa ce ba ta amsa kira ba. Inda babu shi, wannan kaya kan shugaban makaranta yake faɗawa, ko kan wata malama mai tausayi da za ta ɗauka har ta gaji ta ajiye.

Wannan batu na malamai yana ci mini rai, domin a nan aka fi cutar da su da sunan alheri. Ana cewa ai malami yana nan, sai a horar da shi kwana biyu ya raba magani, ya gwada ido, ya cika fom na ma'aikatar lafiya, ya sa ido kan kicin, ya zama mai ba da shawara. Wasu ayyukan masu sauƙi ne kuma malami zai iya, kamar miƙa ƙwayar maganin tsutsa sau ɗaya ko biyu a shekara, ko gwajin ido na farko da allon haruffa. Amma kowace sa'a da ya ba wannan, daga lokacin koyarwa aka cire ta. Akwai kuma alhakin da bai kamata a rataya wa wanda ba a horar ba. A Yulin 2013, yara 23 suka rasu a wata makarantar firamare a jihar Bihar ta Indiya, bayan sun ci abincin rana da maganin ƙwari ya gurɓata. Shirin ciyarwar Indiya shi ne mafi girma a duniya, kuma ya kawo miliyoyin yara aji. Amma wannan musiba ta nuna cewa ajiyar kayan abinci da dafa shi aiki ne mai ƙa'idoji da ke buƙatar masu sa ido na musamman, bai kamata ya zama ƙarin aiki a gefen koyarwa ba.

Japan ta warware wannan ta hanyar ƙirƙiro malamin lafiya na musamman, mai takardar shaidarsa daban da ɗakinsa a cikin makaranta. Finlan ta rubuta a doka cewa ɗalibin da ya nemi ganin masanin halayyar ɗan Adam ko jami'in walwala dole a haɗa su cikin kwana bakwai na aiki, in na gaggawa ne kuwa a ranar ko washegari. Hanyoyin sun bambanta, amma a kowacce akwai wanda za a iya nunawa a ce wannan aikinsa ne.

Kuɗin wa?

Mafi yawan irin waɗannan shirye-shirye ba rashin amfani ke kashe su ba, kasafin kuɗi ne. Ma'aikatar ilimi tana ganin nas ba ma'aikaciyarta ba ce. Ma'aikatar lafiya tana ganin ginin ba nata ba ne. Ribar kuma sau da yawa wani ne ke gani: makaranta ta kashe kuɗi, asibiti ne ke samun raguwar masu zuwa cikin gaggawa, ko kuma ƙasa ta amfana bayan shekara ashirin. Abin da ba na kowa ba ne shi ake fara yankewa ranar da kuɗi ya yi ƙaranci.

A jihar Riyo ta Brazil, gwamna Leonel Brizola da masanin ilimi Darcy Ribeiro sun gina manyan makarantu na yini guda a shekarun 1980 da 1990, waɗanda mai zanen gine-gine Oscar Niemeyer ya zana, kowacce da ɗakin likita da na haƙori da ɗakin karatu da wurin cin abinci. An gina kusan 500 a wa'adin Brizola biyu. Da mulki ya canja hannu, gwamnatocin da suka biyo baya ba su ci gaba da biyan tsarin yini guda ba. Gine-ginen suna nan, yawancinsu sun koma makarantu irin na kowa. A Ingila, mutuwar Victoria Climbié a 2000, yarinya 'yar shekara 8 da masu riƙonta suka azabtar, alhali asibitoci da 'yan sanda da jami'an walwala duk sun gan ta ba su haɗa bayanansu ba, ta sa gwamnati ta fitar da sabuwar manufa a 2003. Aka sa wa kowace makaranta wa'adin 2010 ta samar da kulawa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, da tallafin iyaye, da hanyar tura yaro ga ƙwararru cikin sauri. Bayan canjin gwamnati, aka narkar da kuɗin da aka keɓe cikin kasafin makarantu na gaba ɗaya, kowace makaranta ta yi abin da ta ga za ta iya.

Jihar Kentucky ta Amurka ta bi wata hanya. A 1990 ta sa cibiyoyin tallafin iyali cikin dokar gyaran iliminta, ga makarantun da aƙalla kashi 20 cikin ɗari na ɗalibansu 'ya'yan marasa ƙarfi ne, kowace cibiya da kodinetanta. Sama da shekara talatin, gwamnoni sun zo sun tafi, cibiyoyin suna nan. Ba su da gine-gine masu ban sha'awa, sau da yawa ɗaki guda ne a cikin makaranta. Kalifoniya ta ware sama da dala biliyan 4 a 2021 da 2022 don makarantun al'umma, kuɗi mai yawa ƙwarai, amma tallafi ne mai wa'adi, kuma tambayar da ta kayar da Riyo tana jiran ta a ƙarshen wa'adin.

Akwai kuma abin da ya kamata ya riga komai. Alƙaluman UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 sun nuna kusan uku cikin goma na makarantun duniya ba su da ruwan sha na yau da kullum, sama da huɗu cikin goma ba su da wurin wanke hannu da ruwa da sabulu. Raba maganin tsutsa a makarantar da ba ta da banɗaki, kamar ɗiban ruwa da kwando ne, domin bayan 'yan watanni yaran sun sake kamuwa. Yarinya mai al'ada kuma, banɗaki mai ƙofa ya fi mata kowane taron wayar da kai.

Sirri da yarda

Haɗa ma'aikata a wuri guda yana haɗa bayanai, kuma wannan takobi ne mai kaifi biyu. Rashin haɗa bayanai ne ya hana a ceci Victoria Climbié. Amma yarinyar da ta san abin da ta faɗa wa nas zai kai ofishin shugaban makaranta kafin a tashi, ba za ta faɗi komai ba. Uban da ke tsoron neman taimako zai jawo masa bincike, ba zai taka ofishin ba. Saboda haka dole a rubuta tun farko abin da nas za ta riƙe, da abin da dole ta kai gaba, kamar cin zarafi ko barazana ga rai, a kuma faɗa wa yara da iyaye wannan iyaka da harshen da suke ji.

Yardar iyaye ma ba fom ba ce da za a cusa cikin jakar yaro. Allurar da aka yi ba tare da bayani ba tana iya haifar da jita-jitar da za ta rufe ƙofa shekaru, har iyaye su janye 'ya'yansu daga makarantar ɗungurum. Batun lafiyar matasa da abin da ya shafi balaga ya fi kowanne zafi, kuma ƙasashe sun bambanta a kai. A Ingila, shari'ar Gillick ta 1985 ta ba likita damar kula da wanda bai kai 16 ba ba tare da iyaye ba, in ya gamsu yaron ya fahimci abin da ake magana a kai. Wasu al'ummomi ba za su karɓi wannan ba, kuma shirin da ya yi biris da su ba zai daɗe ba. Makarantar da ta zauna da iyaye kafin ta fara, ta ji abin da suke so da wanda suke tsoro, ita ce ke iya taɓa batutuwa masu nauyi daga baya.

Waɗanda ba sa cikin rajista

Annobar korona ta nuna yawan abin da aka riga aka rataya wa makaranta. A Afrilun 2020, Hukumar Abinci ta Duniya ta ƙiyasta yara miliyan 370 sun rasa abincin makaranta saboda rufewa. A Amurka, inda ma'aikatan ilimi ke kai kusan ɗaya cikin biyar na rahotannin cin zarafin yara, rahotannin sun faɗi warwas a watannin kulle, ba don cin zarafin ya ragu ba, sai don idon da ke gani ya rufe. Irin wannan giɓi yana faruwa a ƙaramin sikeli kowane dogon hutu, kuma shirin da bai tanadi inda yaro mai asma ko mai shan magani kullum zai je a watannin hutu ba, bai gama tsaruwa ba.

Babban rauni dai shi ne yaran da ba sa zuwa kwata-kwata. UNESCO ta ƙiyasta yara da matasa sama da miliyan 250 ba sa makaranta, kuma su ne suka fi talauci, suka fi yawan nakasa, suka fi fuskantar aikin ƙarfi da auren wuri. In aka kwashe ma'aikata da magani aka kai makaranta, aka tsaya nan, to an ƙara wa mai ɗan abu, an bar wanda ba shi da komai. Ruwanda ta gane haka, shi ya sa ma'aikatan lafiya na ƙauyuka suka bi 'yan matan da ba sa makaranta da waɗanda suka yi fashi ranar allura, aka kai su cibiyar lafiya. Indiya, da ta fara ranar raba maganin tsutsa ta ƙasa a 2015, ta haɗa makarantu da cibiyoyin kula da ƙananan yara na unguwanni, don maganin ya isa ga masu shekara 1 zuwa 19, da ɗalibi da wanda ba ɗalibi ba. A duka ƙasashen biyu, ma'aikata ba su tsaya ga yaran da ke cikin rajistar makaranta ba, sun fita neman sauran.